Daminar da Zaratan Auduga Suka Faɗi

Markar bana ta zo da nauyi. Kwana da kwanaki ba mu ga rana sosai ba, wanki ya ƙi bushewa a igiya, itace ya ƙi kamawa, gishiri ma ya jiƙe a cikin gwangwani. Shekaranjiya ina zaune a rumfar gonata da ke hanyar Dayi, ina jiran ruwa ya tsagaita in duba masarar da iska ta kwantar, sai na kunna rediyo. Mai shirin wasanni yana ta bayanin gasar rukuni na biyu, su wa za su hau, su wa za su faɗi, har ya ce an ɗage wani wasa saboda fili ya cika da ruwa. Na yi dariya ni kaɗai. A zamaninmu ba a ɗage wasa don ruwa. Kuma irin wannan markar ce ta same mu shekarar da Zaratan Auduga suka faɗi, yau shekara goma sha wani abu, lokacin da azumi ya faɗo tsakiyar damina.

Sunana Lawal, amma 'yan ƙwallon Funtua Katanga suke ce mini, don baya nake tsarewa. Zaratan Auduga ƙungiyar wani attajiri ce mai fataucin auduga, wanda kowa Alhaji kawai yake ce masa. Shi ya tattaro mu daga unguwanni da ƙauyuka, wasu daga Malumfashi, wasu har daga Matazu, muka yi ta cin wasa har muka hau rukuni na biyu, wanda daga shi sai babbar gasar ƙasa. Ranar da muka hau, a bayan motar auduga aka zaga gari da mu, mata suna guɗa ta kan katanga.

Da za a fara kakar, Alhaji ya ba mu wani tsohon sito a bayan gari, aka yanyanka shi ɗaki-ɗaki da katako. Nan muke kwana, nan muke girki. Bazarar shekarar ta yi zafi ƙwarai. Da hantsi kwanon rufin yakan fara ƙara kamar ana taka shi, da azahar kuwa ba mai iya zama ciki. Rijiyar gidan ta ƙafe tun da wuri, sai muka raba aikin ɗebo ruwa, yau waɗannan su tura kura da jarkoki zuwa famfon unguwa, gobe waɗancan. Atisaye da an sallame asuba muke fita, kafin rana ta buɗe ido. Filin ya bushe ya zama kamar siminti, in ka faɗi sai fatar gwiwa ta tafi. Da safe koko da ƙosai, da rana garau-garau, da yamma tuwon masara miyar kuka, a babban faranti ɗaya, muna zagaye da shi. Da farko ranar Juma'a har nama ake kawowa. Daga baya aka ce auduga ba ta yi kasuwa ba, naman ya ɗauke, sannan buhun shinkafa ya daina zuwa, ya rage masara kaɗai.

Wasan waje kuwa kowa ya san yadda yake a rukuni na biyu. Ku yini a tsohuwar bas ƙafa a naɗe, ku isa garin mutane a gajiye, ku buga iya ƙoƙarinku, dab da tashi alƙalin wasa ya busa fenareti da ba wanda ya ga dalilinta. Koci Garba, mai horar da mu, dattijo ne da ya ga jiya ya ga yau, yakan ce kada mu damu da waje, gida shi ne rumbunmu, in muka tsare shi ba za mu kwana da yunwa ba. Haka kuwa aka yi duk bazarar, ba wanda ya zo Funtua ya tafi da maki.

Babban dalilin haka shi ne Nomau, mai tsaron ragarmu. Bamaguje ne daga wani ƙauye bayan Ƙarfi, dogo, tafin hannunsa kamar faifai, duk kantar fartanya. Ba shi da yawan magana. Ni da shi ɗakinmu ɗaya, kuma a fili ni ne a gabansa, ya san bayana na san muryarsa.

Ruwan farko da la'asar ya sauka. Hadari ya taso daga gabas, iska ta yi sanyi, sai ƙamshin ƙasa ya cika sito. Muka fito muna tsalle cikinsa kamar ba ƙarti ba. Washegari Koci ya ce tunda abinci yana ja da baya, ga fili nan bayan sito ba a komai da shi, mu shuka. Nomau ya shiga gaba da sungumi yana sara, mu muna biye muna zuba iri muna rufewa da ƙafa. Masara muka sa, gefe kuɓewa da rama. 'Yan birnin cikinmu suka yi ta zuba iri kamar masu ba kaji, ana ta yi musu dariya. In na tuna, wannan ce rana ta ƙarshe da na ga mun yi dariya gaba ɗayanmu.

Da damina ta zauna sai gida ya fara yoyo, ba rufin kaɗai ba. Wasan farko da muka rasa a Funtua, wata ƙwallo ce mara ƙarfi ta sulale ta ƙarƙashin cikin Nomau ana dab da tashi. Ƙwallon a jiƙe take, kowa ya gani, aka ce ƙaddara. Wasa na gaba muna kan gaba, ƙwallo ta yi tsalle a kan taɓo ta bugi hannuna a da'ira, aka ba su fenareti, aka tashi canjaras. Na bayansa kuma aka sake cinye mu. Nan fa magana ta fara a teburin mai shayi da majalisun gari, cewa an sayar da ƙungiya. Kafin mako ya zagayo maganar ta shigo sito.

Wanda ya fara furta ta a gabanmu Mansir ne, kyaftin ɗinmu, ɗan wasan gaba, haifaffen Funtua, wanda gari ke ƙauna. Muna cin tuwo ya ajiye loma ya ce, ba tare da ya kalli kowa ba, "Akwai ɓera a cikin rumbun nan."

Daga ranar gidan ya canza. In wayarka ta yi ƙara ka fita waje ka amsa, da ka dawo za ka tarar an yi shiru. In ka amsa a ciki, sai a ce don ka san ana jin ka ne kake ta gaisuwa. Wani ya sayi sabon takalmi, aka yi ta tambayar daga ina, har sai da yayansa ya zo da kansa ya ce shi ya saya masa, shi ma ɗin wasu ba su yarda ba. Babban farantin nan aka jingine shi, kowa ya nemi kwanonsa. A fili kuwa in ka ba mutum ƙwallo ta ɓace masa, sai ka tsaya kana auna fuskarsa maimakon ka koma baya da gudu.

Cikin wannan hali azumi ya kama, kuma marka ta sauka. Lokacin ne rumbuna suke ƙarewa a ƙauye, sabon hatsi bai iso ba, ba wanda zai aiko maka da komai daga gida. Masararmu ta bayan sito ta yi goyo amma ba ta nuna ba, kullum sai wani ya je ya ɓare kai ya duba ya dawo. Sahur ɗumamen tuwo ne in an samu ragowa. Buɗa-baki kunun tsamiya ba sukari, da kwaɗon rama ko tafasa, ƙuli-ƙulin ma a daddafe. Itace jiƙaƙƙe, mai girki ya yi ta hura wuta yana hawaye. Rufin yana zuba, mun jera bokitai da kwanoni a tsakar ɗaki, katifu sun yi warin danshi. Sauro kuwa ba a magana, zazzaɓi ya riƙa kwantar da mu ɗaya bayan ɗaya. Aka mayar da atisaye bayan la'asar, muna gudu cikin laka, baki a bushe alhali ruwa yana dukan fuska.

Nomau ba ya azumi, wannan kowa ya sani, ba kuma wanda ya taɓa damuwa da hakan a baya. Amma bana aka lura kullum da rana sai ya fita, ya jima, ya dawo bai ce uffan ba. Ranar hutu kuwa tun safe yake ɓacewa sai magariba. Sannan wani ya zo da labarin ya gan shi a tasha, ya sunkuya a tagar wata baƙar mota mai lambar wata jiha, suna magana da wani mai babbar riga. Wasu suka ƙara da cewa ai mutanensu sun san asiri, in ya ga dama zai iya ɗaure ƙafafun kowa.

Mansir ya ja ni gefe bayan mun fito daga masallaci. Ya ce ni ne na fi kowa kusa da Nomau, ya ce ba yana cewa ya yi ba ne, amma rayuwar mutane da yawa tana kan ƙungiyar nan, in sa masa ido. Na ce to. Gaskiya ni ma ƙwallon nan da ta bi ta ƙarƙashin cikinsa ba ta bar raina ba. Na sha ganin ya kama waɗanda suka fi ta santsi.

Ranar hutu ta gaba na bar shi ya fita, na bi bayansa. Ya hau motar Malumfashi, na jira ta biyu. A Malumfashi na hango shi kan ɗan acaɓa ya nufi Ƙarfi, na tari wani. Daga Ƙarfi sai tafiyar ƙasa ta cikin dawa da ta kai kafaɗa, raɓa tana jiƙa mini wando, ga azumi. Tun daga nesa na ji kiɗa da ihu. Gayya ce ake yi a gonar mahaifinsa, maza sun jeru suna huɗa, Nomau yana tsakiyarsu ya tuɓe riga. Da ya ɗago ya gan ni bai nuna mamaki ba. Ya ƙarasa kunyarsa, sannan ya taho yana share zufa.

Mahaifinsa, tsoho mai fara'a, ya sa aka shimfiɗa mini buhu a gindin ɗorawa. Na ce a ba ni garma in taya, ya ce baƙo mai azumi ba ya huɗa a gonarsa. Muka zauna da Nomau. Ban yi kwana-kwana ba, na faɗa masa abin da ake cewa. Ya ce fitar rana, abinci yake zuwa ci a tasha, don ba zai iya tauna a gaban masu azumi ba. Ranar hutu kuma ga abin da yake yi, tsoho ƙarfi ya ƙare. Na ce mai baƙar mota fa? Ya fasa ɓawon ɗorawa da farce. Ya ce mutumin wata ƙungiya ne, suna son ya koma wurinsu baɗi.

"Ka amsa?"

"Ban amsa ba, ban kuma ƙi ba."

Na tambaye shi wace ƙungiya, ya faɗa. Ita ce wadda za mu buga wasan ƙarshe da ita a Funtua. Ya kalle ni ya ce, "Katanga, ni ma ina da tambaya. Ranar da ƙwallo ta bugi hannunka, me ya ɗaga hannun? Kyaftin ya ce in sa maka ido tun ranar. Ni dai ban iya bin mutum ba ne."

Muka zauna muna kallon masu huɗa, kowa da abin da ke ransa. Da za mu tafi tsohon ya haɗo mu da ƙwan zabi cikin ƙwarya da ɗan gero a ƙulle. A sito aka soya ƙwan aka yi buɗa-baki da shi, kowa ya ci har da suɗe kwano, amma ina ji wani yana tambayar na kusa da shi wa ya ba Nomau ƙwai da yawa haka, kuma me ya haɗa tafiyata da tasa.

Kafin wasan ƙarshe zargi ya wuce kan 'yan wasa. Aka fara raɗa cewa Alhaji da kansa ya gaji da ciyar da mu, yana jin kunyar gari ne kawai, in muka faɗi ya sami hanyar rufe ƙungiya ba wanda zai zage shi. Wasu suka ce Koci ya san komai, shi ya sa ya daina faɗa a atisaye. Ni dai na je na sami Koci na gaya masa duk abin da na gani a Ƙarfi, da gayyar da maganar mai mota, ban rage ba. Ya saurara har na gama, ya ce Allah ya sa mu dace.

Wasan ya faɗo cikin goman ƙarshe na azumi. Lissafin a fili yake, sai mun ci za mu tsira, canjaras ma faɗuwa ce. Tun safe ake yayyafi, zuwa la'asar ya zama ruwa sosai, amma filin ya cika, mutane sun rufa da buhuna da leda. A ɗakin sa kaya Koci ya karanta sunaye, babu Nomau. Ya ce umarni ne daga sama. Nomau ya cire safar hannunsa ya miƙa wa mai tsaron raga na biyu, ya koma benci. Ba wanda ya kalle shi, har ni.

Ba a daɗe da farawa ba aka zura mana ɗaya, sabon mai tsaron ragar ya fito bai kai ga ƙwallon ba. Muka yi ta fama cikin taɓo, ƙwallo in ka buga ta tsaya a ruwa, ga azumi, idona yana ganin duhu-duhu. Da aka tafi hutun rabin lokaci Koci ya tsaya a bakin ƙofa ya jima, sannan ya ce, "Nomau, sa safarka. In za a kore ni a kore ni."

Abin da Nomau ya yi a wannan rabin ban taɓa ganin irinsa ba. Sau nawa suka wuce ni, sau nawa ya fito ya kwanta a ƙafafunsu. Akwai wadda ya ture da yatsa ta bugi turke, 'yan kallon da suka yini suna zaginsa suka koma kiran sunansa. Muka farke da bugun kwana, fili ya ɗauka. Ana dab da tashi aka kwashe ƙafar ɗan wasanmu a da'irarsu, alƙalin wasa ya nuna fenareti.

Mansir ya ɗauki ƙwallon. Duk kakar bai ɓarar da ko ɗaya ba. Ina tsaye bayansa kaɗan, a bakin da'ira. Ya ajiye ta, ya ja baya, ya goge fuska da riga. Sai na ga ya juya kai ya dubi rumfar manya, inda Alhaji yake zaune kafaɗa da kafaɗa da shugaban ƙungiyar baƙi. Kallon bai daɗe ba. Ya taho da gudu, ƙafarsa ta hagu ta zame a laka, ƙwallon ta tashi sama ta wuce raga ta faɗa cikin mutane. Ba a jima ba aka busa tashi.

Muna ɗakin sa kaya aka kira magariba. Wani ya miƙo butar ruwa, muka yi ta zagayawa da ita, kowa ya kurɓa ya miƙa ba tare da ya ɗaga kai ba. A waje muna jin jifa a kan kwano. Mansir yana zaune a ƙasa da lakarsa, ya haɗa kai da gwiwa. Ba wanda ya ce masa sannu, ba wanda ya zage shi.

Bayan Sallah Alhaji ya aiko a gaya mana ya rufe ƙungiya, kowa ya kama gabansa. Muka naɗe katifu masarar bayan sito tana gab da nuna, mai gadi ne ya ci ta. Koci Garba ya koma garinsu, ya rasu bayan 'yan shekaru. Nomau ya tafi waccan ƙungiyar, sai masu zarginsa suka ce kun gani. Masu zargin Alhaji su ma suka ce kun gani. Amma yawancin gari a kan Mansir suka tsaya, don shi aka gani da ido. Bai sake sa takalmin ƙwallo ba. Ni kuma na yi ɗan yawo a ƙananan ƙungiyoyi, gwiwa ta gaji, na dawo gona.

Yanzu in aka yi wasa, kowane ɗan kallo da wayarsa a sama, kafin a isa gida an maimaita kallon bugu sau ba adadi, a tsayar, a matso da shi. Mu a lokacinmu abin da idonka ya kama shi ke nan, da shi za ka tsufa. Na sha juya wannan bugun a raina ina huɗa. Mutum yana iya duban rumfa don ya nemi ƙarfin gwiwa wurin uban gidansa. Yana kuma iya dubawa don wani abu daban. Laka kuwa ba ta tambayar niyyar mai taka ta.

Mansir yana nan Funtua, yana sayar da kayan babur a bakin titi, ya yi furfura a gemu. Mukan gaisa in mun haɗu, amma ba mu taɓa tayar da maganar ba sai watan jiya, da na je sayen sarƙar babur ruwa ya tsare ni a shagonsa. Ya ba ni kujera, muka yi hirar taki da tsadar iri. Can ya juya yana kallon ruwan da ke gudu a kwata. Ya ce ɗansa ya dawo daga makaranta yana kuka, wai an ce masa ubansa ne ya sayar da Zaratan Auduga.

Ya juyo ya dube ni. "Katanga, kai ne mafi kusa da ni ranar. Ka ga ƙafata ta zame, ko?"

Na ce, "Na gani, Kyaftin."

Ya ce in na yarda, wata rana in zo gida in faɗa wa yaron da bakina. Na ce zan zo. Ranar Juma'ar da ta biyo na je, na zauna a zaurensa, na faɗa wa ɗansa cewa ina tsaye a wurin, ƙafar babansa ta zame a laka, kuma duk wanda ya ce ba haka ba ne ya zo ya same ni. Abin da na faɗa gaskiya ne. Ɗayan abin da na gani kuwa ba a tambaye ni ba, na taso da shi na dawo gida.